Ido Ba Mudu Ba Ne

Akwai wata gardama da ta daɗe tana ci tsakanin maharban da ke farauta da bindiga mai cin dogon zango, musamman a yammacin Amurka da Afirka ta Kudu da Namibiya, inda fili ke da faɗi, naman daji kuma ba ya yarda a matso kusa da shi. Gardamar a kan tambaya guda take. Idan maharbi ya hango dabba daga nesa, da me zai san tazarar da ke tsakaninsu kafin ya taɓa kunama? Kashi na farko suna cewa da zanen saitin da ke cikin madubin bindigarsa, wato siraran layukan nan masu gaɓoɓi da ake gani idan an leƙa: ya gwada jikin dabbar da su, ya yi lissafi a ka. Kashi na biyu suna cewa da na'urar leza, wadda ake dannawa ta rubuta nisan da lambobi. Na farkon suna yi wa na biyun kallon ragwaye waɗanda suka sayi gwaninta a kanti. Ni kuwa ina tare da na biyun, kuma ina ganin abin da na farkon ke kira gwaninta, idan a kan dabba mai rai aka gwada shi, caca ce da jinin da ba nasu ba.

Ya kamata in bayyana wa mai karatu inda na tsaya tun tafiya ba ta yi nisa ba. Ni ba maharbi ba ne. Abin da na karanta a jami'a shi ne safiyo, sana'ar da kacokan ta dogara a kan sanin tazarar da ke tsakanin wuri da wuri, kuma ta wannan ƙofa na shigo maganar. Sai dai na tashi ina ganin kan burtu a rataye a bangon ɗakin kawuna, wanda ya yi shekaru yana shiga daji da bindigar toka. Daga makaranta na koyi yadda ma'auni ke yin kuskure, daga wurinsa kuma na ji yadda dabbar da aka ji wa rauni ke ƙarewa.

A fara da dalilin da ya sa nisa ya zama abin damuwa. Harsashi ba ya tafiya a miƙe. Tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga ƙasa ke jansa, iskar da yake ratsawa kuma tana rage masa gudu, saboda haka sunkuyawarsa ƙaruwa take yi gwargwadon nisan da ya ci, kuma ba daidai wa daida take ƙaruwa ba. Ɗauki harsashin da ake kira .308 Winchester, wanda ya shigo kasuwa a 1952, har yau kuma yana cikin waɗanda aka fi farauta da su a duniya. Yana fita da gudun da ya haura mita 800 a daƙiƙa. Idan an saita bindigar a kan mita 100, a nisan mita 300 harsashin zai faɗo ƙasa da wurin da aka nufa da wajen santimita 40. A mita 400 faɗowar ta doshi mita guda, a mita 500 kuwa ta wuce mita ɗaya da rabi. Wurin da ake so a samu a jikin matsakaiciyar barewa, wato zuciya da huhu, faɗinsa bai fi santimita 20 zuwa 25 ba, kamar ɗan ƙaramin faifai. Duk wanda ya ajiye waɗannan lambobi kusa da juna zai ga cewa bayan mita 300, kuskuren 'yan takun ƙafa wajen sanin nisa ya isa ya fitar da harsashi daga faifan nan.

Yadda zanen saiti ke auna nisa kuwa dabara ce mai kyau, kuma ba ni da niyyar raina ta. Kowa ya san abu yakan ƙanƙance a ido gwargwadon nisansa. Gaɓoɓin da ke jikin zanen an tsara su a kan wata kusurwa da ake kira miliradiyan, wadda ke rufe santimita 10 a nisan mita 100, ta rufe mita guda a nisan mita 1,000. Idan ka san girman abin da kake kallo, sai ka ninka santimitocinsa sau 10, ka raba da yawan gaɓoɓin da ya cika a madubi, abin da ya fito shi ne nisan a mita. Misali, ƙirjin barewa daga doro zuwa ƙasa santimita 45 ne, ya cika gaɓa ɗaya da rabi: 450 a raba da 1.5, nisa ya zama mita 300. Ba batir, ba waya, ba abin da zai lalace. Wannan tsabta ta lissafi ita ce ke jan hankalin mutane, ni ma ta ja nawa ranar da aka fara koya mana irinta.

Domin kuwa a safiyo da ita muka fara. Tsohuwar na'urar auna kusurwa, tiyodolait, tana da gajerun layuka biyu a cikin madubinta, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Abokin aiki ya je can ya riƙe sandar awo a tsaye, kai kuma ka karanta tsawon da ya shiga tsakanin layukan biyu, ka ninka sau 100, ka sami nisa. Ƙa'ida ɗaya ce da ta madubin bindiga, babu bambanci ko kaɗan. Amma a duba irin gatan da aka yi wa mai safiyo. Sandar a masana'anta aka zana mata santimitocinta. Mai riƙon ta yana da ɗan kumfan ruwa da ke nuna masa ko ta karkace. Na'urar tana zaune a kan ƙafafu uku da aka dasa a ƙasa, ba ta numfashi, zuciyarta ba ta bugawa. Duk da wannan gata, malamanmu ba su yarda mu karanta sanda daga nesa mai yawa ba, kuma na tuna wata rana da muka kai azahar a fili, kawalwalniya ta tashi, lambobin sandar suka dinga rawa a madubi, mu huɗu muka karanta wuri guda muka kawo amsa huɗu. An sa mun koma washegari da sassafe.

To, gwanki ba sandar awo ba ne. Nan ne kuskure na farko yake shigowa, kuma babu yawan atisaye da zai kawar da shi, domin ba daga idon maharbi yake fitowa ba. Lambar nan 45 da muka yi misali da ita matsakaicin girma ce kawai. Namiji ya fi tamata, tsoho ya fi matashi, dabbar da ta ci kaka ta ƙoshi ta fi wadda ta sha rani. A ce barewa tana tsaye a mita 400 daidai, amma ƙirjinta santimita 40 ne. Za ta cika gaɓa guda cif. Maharbin da ya haddace 45 zai yi lissafinsa ba tare da kuskure ko ɗaya ba, ya sami mita 450, ya ɗaga bindiga daidai da haka, harsashi ya haura da wajen santimita 20. Idan an yi sa'a ya wuce ta bisa doro, idan ba a yi ba ya tsage naman baya. A juya misalin: ƙirjin santimita 50 ne. Zai cika gaɓa 1.25, lissafi ya ba da mita 360, harsashi ya sauka ƙasa da fiye da santimita 15. A daidai wurin nan ƙafar gaba take.

Kuskure na biyu daga karatun gaɓoɓin yake zuwa, kuma shi ne ya fi ƙarfafa mini ra'ayina. A ɗauka maharbi ya iya karatu har zuwa kashi ɗaya cikin goma na gaɓa, wanda hakan ma yabo ne ga mutumin da ke kwance a kan duwatsu yana haki bayan hawan tudu. A nisan mita 200 ƙirjin santimita 45 yana cika gaɓa 2.25. Idan ya karanta 2.15, lissafinsa zai ba shi mita 209. Kuskuren mita 9 a wannan tazara ba ya hana komai. A nisan mita 450 kuwa ƙirjin gaɓa guda yake cikawa. Ya karanta 0.9, ya sami mita 500. Ya karanta 1.1, ya sami mita 409. Wato ɗan karkacewar ido iri ɗaya da ta jawo kuskuren mita 9 a kusa, ita ce ta jawo na mita 50 a nesa, a daidai wurin da mita 50 ke nufin bambancin fiye da santimita 40 a faɗowar harsashi.

Sai a haɗa wannan da wani abu da kowane maharbi ya sani. Idan aka saita irin wannan bindiga a kan wajen mita 200, harsashinta ba ya fita daga cikin faifan zuciya da huhu tun daga bakin bindiga har kusan mita 250. A cikin wannan zango ba a bukatar lissafi, a ɗora saiti a tsakiyar ƙirji kawai. Ashe kenan zanen saiti yana ba da amsa mai kyau a inda ba a bukatar amsarsa, yana kuma ruɗewa a inda rai ya rataya a kanta. Ban ga yadda za a kare ma'auni mai irin wannan hali ba, sai dai idan ƙauna ce ke magana.

Ban ma taɓo sauran matsalolin ba. Ciyawa takan rufe cikin dabba har a kasa ganin inda ƙirji ya ƙare. Dabba takan tsaya a karkace, ko ta sunkuyar da kai tana kiwo doronta ya canza siffa. Madubai da yawa kuma an ƙera su ta yadda gaɓoɓinsu ba sa daidai sai a mataki guda na girman hoto, galibi na ƙarshe, wanda ya manta ya murɗa zuwa can ya auna da mudun da ba na kasuwar ba.

Mai karatu zai iya cewa kuskure ai na kowa ne. Gaskiya ne, amma a tambaya wa ke biya. Wanda ya kuskure allon ƙarfe a filin gasa maki ya rasa. Dabbar da aka karya wa ƙafa ko aka huda wa tumbi ba ta faɗuwa nan take. Takan shiga kurmi, ta yi awanni ko kwanaki, ƙuda na bin raunin, har kura ko dila su cim mata, ko ta mutu a inda ba mai ganin ta sai ungulu. A arewacin Kamaru, a yankunan farauta da ke kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njida, baƙi daga Turai da Amurka suna zuwa da rani da irin waɗannan bindigogi su harbi gwanki da kanki da ɓauna bisa lasisi. Yawancin harbin can daga kusa ake yin sa, saboda itatuwa, amma idan aka yi kuskure, masu bin sawu 'yan ƙasar su ne ke shiga gaba suna bin ɗigon jini cikin dogayen ciyayi. Duk wanda ya san daji ya san abin da ɓauna mai rauni ke iya yi wa mutumin da ya fara isa gare ta. A wurare da yawa na Afirka ƙa'idar ita ce dabbar da aka ji wa rauni ta ɓace ana biyan kuɗinta kamar an kashe ta. Baƙo ya biya da aljihunsa ya hau jirgi. Sauran bashin yana nan a daji.

Yana da kyau kuma a tuna inda wannan zane ya samo asali, domin masu kare shi suna yawan jingina da martabar soja. Madubin PSO-1 da Tarayyar Sobiyet ta ɗora wa bindigar Dragunov a 1963 yana da wani lanƙwasasshen layi da aka zana a kan tsawon mutum mai mita 1.7, yana auna daga mita 200 zuwa 1,000. Sojojin ruwan Amurka kuma su suka yaɗa zane mai ɗige-ɗigen miliradiyan wajen ƙarshen shekarun 1970. Soja yana da dalilansa. A lokacin babu na'urar leza da za ta shiga aljihu, yau ma akwai kayan yaƙi da ke gane an haska su da leza, kuma fagen fama cike yake da abubuwa masu sanannen girma, irin su ƙofa da tayar mota. Ban da haka, mummunan lissafin yaƙi yana ƙirga rauni a matsayin nasara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya shafi mai neman nama. Barewa ba ta da na'urar gano leza, rauni kuma a wurin maharbi shi ne mafi munin sakamako, ya fi kuskurewa gaba ɗaya muni.

Ita kuwa na'urar leza ba ruwanta da girman dabba. Tana harba ɗan gajeren haske wanda ido ba ya gani, hasken ya bugi abu ya dawo, ita kuma ta ƙirga lokacin da ya ɗauka. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka zuwa mita 500 da dawowa ba ya ɗaukar fiye da kashi uku da ɗoriya cikin miliyan na daƙiƙa. A ninka lokacin da gudun haske, a raba biyu, nisa ya fito, kuma na'urorin da ake sayar wa maharba kuskurensu bai cika wuce mita guda ba. Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a 1960 a Kalifoniya. A 1969 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye madubi a duniyar wata, wanda har yanzu ake haskawa daga ƙasa a auna tazarar wajen kilomita 384,000 da wannan ƙa'ida. Kamfanin Leica ya fitar da madubin hangen nesa mai leza, Geovid, a 1992, Bushnell kuma ya kawo mai sauƙin kuɗi a tsakiyar shekarun 1990. Mu ma a safiyo hanyar da aka bi kenan: na'urar awo ta lantarki ta maye gurbin karatun sanda, kuma ban taɓa jin mai safiyo ya ce a koma wa sanda wajen yanka filayen mutane don a nuna bajinta ba. Wanda ya gwada haka a kotu zai ƙare. Bambancin kawai shi ne mai fili yana da bakin kai ƙara.

Ba na cewa leza ba ta kuskure. Haskenta yana bazuwa yayin da yake tafiya, a nisan mita 500 faɗinsa kan kai rabin mita ko fiye, don haka yana iya kama reshen da ke gaban dabba ko tudun da ke bayanta. Ruwan sama da hazo suna rage mata ƙarfi, wanda ya san hazon hunturu ba sai an yi masa bayani ba. Baƙar fata mai gashi ba ta maido da haske kamar dutse, shi ya sa nisan da ake rubutawa a jikin kwali ya fi wanda ake samu a kan dabba. Hannu ma yana rawa. Duk na yarda. Amma a lura da irin kuskuren. Idan leza ta kama ciyawa sai ta rubuta mita 60 alhali ido yana ganin abin ya haura 300, maharbi ya gane nan take, ya sake dannawa. Idan ta kasa sai ta ƙi rubuta komai. Kuskurenta mai hayaniya ne, yana tona asirin kansa. Na zanen saiti kuwa shiru yake zuwa, sanye da rigar gaskiya: mita 450 maimakon 400 lamba ce mai kama da hankali, babu abin da zai sa a yi zarginta sai bayan harsashi ya tafi. Kuma maganin raunin leza a hannu yake. A danna sau uku a ga ko amsa ta tsaya, a auna suri ko kututturen da ke gefen dabbar, ko kuma, kamar yadda masu kwanton ɓauna ke yi, a auna duwatsu da itatuwan wurin tun kafin naman ya fito.

Akwai ma abin da zanen saiti ba ya gani sam. A ƙasar duwatsu, irin ta jihar Montana ko tsaunukan Tajikistan inda ake farautar tumakin dawa, sau da yawa sama ko ƙasa ake harbi. Faɗowar harsashi kuwa ta fi bin tazarar da ke shimfiɗe, ba tsawon gangaren ba. Dabbar da ke mita 400 a gangare mai digiri 30, a wurin harsashi kamar tana wajen mita 346 ne. Yawancin na'urorin leza na yanzu suna auna karkatar su gyara lambar da kansu. Mai zane sai ya ƙara wani kintace a kan kintacen da ya riga ya yi.

Yanzu in zo ga hujjar abokan gardamata wadda ta fi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Suna cewa leza ta buɗe ƙofar ɓarna. Kafin zuwanta, rashin sanin nisa shi ne linzamin da ke tsayar da mutane a mita 300. Da ta zo, sai ga masu harbin dabba daga mita 700 da 800, suna ɗaukar hoton bidiyo suna alfahari. Wannan gaskiya ne, kuma abin ƙyama ne. Leza ta warware tambaya ɗaya ce tak cikin tambayoyin harbin nesa. Ba ta auna iskar da ke kaɗawa a tsakiyar kwari, alhali iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa tana ture harsashin .308 fiye da rabin mita a nisan mita 500. Ba ta hana dabba motsi, alhali harsashin yana shafe wajen kashi bakwai cikin goma na daƙiƙa a hanya, lokacin da ya ishi barewa ta yi taku guda, huhu ya matsa gaba, hanji ya zo wurinsa. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887 don kare ladubban farauta a Amurka, ta fito ta nuna damuwarta a kan wannan ɗabi'a, tana mai nuni da cewa wanda burinsa shi ne ya gwada iyakar kayansa a kan dabba mai rai, maimakon ya yi ƙoƙarin matsawa kusa, ya bar farauta ya koma wani abu dabam.

Na karɓi ƙorafin, na ƙi maganin da suka kawo. Ba a cire wa mota ma'aunin gudu don a koya wa direba natsuwa. Wanda zai harba daga mita 700 saboda yana da leza, rashin kunya ne ya kai shi, kuma da ba shi da ita da ya harba daga mita 500 yana zaton 400 ne, kamar yadda aka sha yi kafin 1992 ba tare da kowa ya ɗauki hoto ba. Linzamin jahilci da suke yabo bai taɓa kama kowa ba sai mai tsoron Allah, shi kuwa wannan ko da leza a hannunsa zai tsaya. Hasali ma leza ce kaɗai ke ba iyaka ma'ana. Maharbin da ya je filin atisaye ya tabbatar cewa daga mita 300 yana zuba harsashi goma cikin goma a faifai, daga 350 kuma ya fara zubarwa, ya san iyakarsa. Amma sanin iyaka ba shi da amfani idan a daji ba zai iya bambance 290 da 340 ba, kuma mun ga cewa zanen saiti ba ya iya raba masa su da tabbaci. Babban aikin na'urar, a ganina, shi ne ranar da ta rubuta 340 mutum ya sauke bindiga.

Saura maganar gwaninta, wadda ita ce zuciyar fushinsu. Da da Hausa suke gardamar da sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka ne, ya san kima. Sai dai ko a kasuwar hatsi, inda aka haifi karin maganar, da kima ake tayi, idan aka zo biya mudu ake ɗaukowa. Kuma ina ganin sun ajiye gwanintar a inda ba nan take ba. Kawuna bai san miliradiyan ba. Bindigarsa ba ta da tabbas bayan 'yan takun ƙafa, saboda haka ya warware matsalar nisa ta hanyar kashe nisan. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, yana lura da inda iska ke kaɗawa don kada ta kai warinsa, har ya shiga cikin garke. Aikin awa biyu ne ko uku a kan gwiwa, cikin ƙaya da rana. Idan ana neman abin da ya cancanci sunan gwanintar farauta, ga shi nan: sanin iska, sanin halin dabba, da haƙurin rarrafe. Leza ba ta rage ko ɗaya daga ciki ba. Abin da ta ɗauke wa maharbi shi ne raba 450 da 1.1 a ka, kuma ban taɓa jin an yi wa wani maharbi kirari da iya rabawa ba.

Ba ina kira a goge zanen daga madubi ba. Yana da aikin da babu mai yi sai shi. Bayan leza ta faɗi nisa, da gaɓoɓin nan ake sanin yawan ɗagawar da za a yi wa saiti, da su ake ba iska haƙƙinta, da su kuma abokin harbi ke cewa a gyara rabin gaɓa zuwa dama. Yana da kyau maharbi ya iya lissafin nisa da su, ya dinga gwada kansa a kan duwatsu da allunan ƙarfe yana duba amsarsa da leza, domin hakan yana wasa ido, yana kuma sa ya gane ranar da na'ura ta kama reshe. A filin gasa ma a yi ta fafatawa da shi, a ba gwani kyauta. Inda na ja layi shi ne ɗaukar amsarsa ita kaɗai a harbi mai rai bayan mita 300, alhali akwai abin da ya fi shi a rataye a wuya, ko a kanti a farashin da sau da yawa bai kai na madubin kansa ba.

Tambayar da suke ajiyewa ta ƙarshe kullum ita ce: idan batir ya mutu a tsakiyar daji fa? Sanyi mai tsanani yana kashe batir, wannan sananne ne, na'ura kuma tana iya faɗawa a kan dutse. Idan haka ta faru, maharbi ya koma cikin zangon mita 250 inda bindigarsa ba ta bukatar lissafi, ya rarrafa ya cike sauran kamar yadda aka yi shekara da shekaru, idan naman ya ƙi tsayawa ya koma sansani ya ci abin da ya zo da shi. Kafin ma a kai ga haka, ƙaramin batirin CR2 da yawancin waɗannan na'urori ke ci nauyinsa wajen giram 11 ne, bai kai nauyin harsashi guda ba, kuma na biyu yana shiga aljihun riga tare da ashana.